Na goge rubutun wasan da na shekara biyu ina ginawa: akwai hanyar dawo da shi?

Mai_Tsara_Labari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin damuwa, kuma ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin wannan fanni. Kusan shekara biyu ke nan ina gina wasan labari da manhajar Ren'Py, irin wanda mai wasa yake zaɓar abin da jarumar za ta faɗa, labarin kuma ya karkata bisa zaɓin da ya yi. Shekaranjiya da dare ina share tsofaffin foldoji saboda faifan kwamfutata ya cika, sai na haɗa da foldar aikin ba tare da na lura ba, domin sunanta ya yi kama da na wata tsohuwar folda ta gwaji, daga nan kuma na zubar da kwandon shara. Ban farga ba sai jiya da safe, lokacin da na buɗe Ren'Py na tarar babu wasan a jerin ayyukana. Abin da ya rage a hannuna shi ne kammalallen wasan da na tura wa masu gwaji wata uku da suka wuce. Shin akwai hanyar da zan dawo da fayilolin rubutun? Idan Allah ya sa na same su, wane tsari kuke bi wajen ajiye aikinku?

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, ka daina aiki da wannan kwamfutar, kada ka sauke komai a kanta, kada ma ka yi yawo a intanet da ita. Idan aka goge fayil, ba a nan take ake shafe abin da ke cikinsa ba, sai dai a yi wa gurbinsa alamar cewa babu kowa a wurin, kuma duk sabon abin da kwamfutar ta rubuta yana iya sauka daidai kan wannan gurbin. Ka gaya mana irin faifan da kake da shi, mai juyawa ne ko SSD, domin amsar da za a ba ka ta dogara da wannan.

Mai_Tsara_Labari:
SSD ne, Malam, kuma Windows nake amfani da ita. Sai dai na riga na yi kuskuren da ka ambata, domin jiya cikin firgici na sauke Recuva, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, a kan faifan da kansa. Ta nuna mini sunayen wasu daga cikin fayilolin, amma da na dawo da su na buɗe, babu ko harafi ɗaya a ciki.

Tsohon_Injiniya:
Abin da nake tsoro ke nan. A faifan SSD akwai wani umarni da ake kira TRIM, wanda tsarin kwamfuta yake aika wa faifan da zarar an goge fayil, yana sanar da shi cewa ba a bukatar waɗannan gurabe. Daga wannan lokaci faifan yakan mayar da sifili ga duk wanda ya nemi karanta wurin, shi ya sa ka ga sunan fayil yana nan amma cikinsa fanko ne. Da faifai mai juyawa ne, da na ce ka cire shi ka haɗa da wata kwamfutar, ka yi cikakken kwafin faifan gaba ɗaya da manhajar GNU ddrescue, sannan ka bi kwafin da manhajar PhotoRec, wadda take gane fayil ta hanyar abin da ke cikinsa ko da sunansa ya ɓace. A SSD kam ba zan ɗora ka a kan dogon buri ba. Ƙarfinka ya fi kyau ya koma kan kammalallen wasan da ka ce yana hannunka.

Ummu_Python:
Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, domin lamarinka ya fi na mutane da yawa sauƙi. Ren'Py yana juya kowane fayil na .rpy zuwa wani fayil na .rpyc, kuma wannan na biyun shi ne yake tafiya cikin wasan da ka rarraba, wani lokaci a fili, wani lokaci a ƙunshe cikin kundi mai ƙarshen .rpa. Fayil ɗin .rpyc yana ɗauke da tsarin labarin kusan gaba ɗaya: maganganun jarumai, sunayen sassa, zaɓuɓɓuka, da wurin da kowane zaɓi yake kai mutum. Akwai manhaja kyauta mai suna unrpyc da take mayar da shi rubutun da mutum zai karanta, akwai kuma wasu da suke kwance kundin .rpa. Ka kwafi wasan zuwa wata kwamfuta, ka ajiye kwafi ɗaya da ba za ka taɓa ba, ka yi aikin a kan kwafi na biyu. Abin da za ka rasa shi ne bayanan gefe da ka rubuta wa kanka a bayan alamar # a jikin rubutun labarin, domin ba a shigar da su cikin abin da aka juya, sannan ba shakka duk abin da ka ƙara a cikin wata ukun nan ba ya wurin.

Abu_Unity:
Ina goyon bayan abin da Ummu_Python ta faɗa, kuma ni ma na taɓa shiga irin wannan hali, sai dai da Unity, wata manhajar gina wasanni, nake aiki. Kwamfutata ta mutu ina tsakiyar wani ƙaramin wasa, abin da ya cece ni shi ne fayil ɗin Assembly-CSharp.dll da ke cikin wasan da na riga na fitar. Na buɗe shi da ILSpy, manhajar da take mayar da irin wannan fayil rubutu, na samu rubutuna na harshen kwamfuta C# ya dawo. Na yi mako uku ina gyara shi kafin ya koma yadda zan iya ci gaba da aiki a kansa, domin sunayen da na raɗa wa abubuwa duk sun ɓace.

Hajiya_Lissafi:
Malam Abu_Unity, ina so in yi ɗan gyara domin kada wani ya ɗauka cewa duk sunaye ne suke ɓacewa. A irin wannan fayil, sunayen azuzuwa da na ayyuka suna nan daram, waɗanda suke ɓacewa su ne sunayen ƙananan ma'ajiyoyi na cikin kowane aiki, tare da bayanan gefe. Sannan ka yi sa'a ne da ka fitar da wasan ta hanyar Mono, ɗaya daga cikin hanyoyin fitar da wasa a Unity. Da ka fitar da shi ta IL2CPP, wanda yake juya rubutun zuwa C++ sannan zuwa harshen na'ura, da ba ka samu komai mai kama da abin da ka rubuta ba, sai sunaye da ƙwarangwal. Haka abin yake a harshen kwamfuta na Lua: idan an juya rubutun da manhajar luac aka kuma cire bayanan gyara, unluac, manhajar da take kwance shi, za ta ba ka abin da yake aiki, amma karanta shi wahala ce babba. Don haka kada kowa ya ɗauki kammalallen wasa a matsayin ajiya.

Abu_Unity:
Gaskiyarki, Hajiya, haka abin yake, na gode da gyara. Ƙananan sunayen nake nufi.

Mai_Sauraro:
Ban cika yin magana a nan ba, amma akwai abin da ban ga an ambata ba. Ren'Py da kansa yana ajiye kwafin fayilolin .rpy idan mai aikin ya canja su ya kuma kunna wasan. A Windows ka rubuta %APPDATA% a wurin adireshin folda, ka shiga RenPy, sannan ka shiga backups. Wannan foldar ba a cikin foldar aikin take ba, saboda haka mai yiwuwa ne gogewar da ka yi ba ta shafe ta ba. Ka duba can kafin ka fara wahalar kwance wasan.

Ɗalibin_Wasanni:
Ina da tambaya a gefe, ku yi mini afuwa. Waɗannan manhajoji na kwance wasa, ba su ne ake amfani da su wajen satar aikin mutane ba? Ina jin nauyin a riƙa koyar da su a fili.

Ummu_Python:
Tambayarka tana kan hanya. Wanda ya buɗe wannan zance aikinsa ne na kansa, babu wanda zai hana mutum buɗe abin da shi ya rubuta. Kwance wasan wani domin a kwashe labarinsa ko zanensa a sayar, wannan zalunci ne, kuma dokokin haƙƙin mallaka da yarjejeniyar da ke tare da wasan suna hana shi. Amma ka sani cewa irin wannan ilimi shi ne ya raya tsofaffin wasanni da dama. Masu aikin ScummVM, manhajar kunna tsofaffin wasanni, sun shafe shekaru suna nazarin tsofaffin wasannin labari suna sake gina injinansu, kuma dalilin da ya sa ake iya kunna da yawa daga cikinsu a kwamfutocin yau ke nan.

Tsohon_Injiniya:
Tunda Mai_Tsara_Labari ya tafi duba abin da Mai_Sauraro ya nuna masa, bari mu taɓa ɓangare na biyu na tambayarsa. Ni a ganina duk wanda yake rubuta wasa, ko shi kaɗai ne, ya kamata ya koyi Git, manhajar adana tarihin rubutu. Linus Torvalds ne ya ƙirƙire shi a shekarar 2005 domin aikin Linux, kuma amfaninsa ya wuce ajiya kawai: yana riƙe tarihin kowane canji, ta yadda idan ka lalata babi na bakwai yau, za ka iya komawa yadda yake makon jiya ba tare da ka taɓa sauran ba. Ko kuskure ka yi a cikin Git ɗin da kansa, umarnin git reflog yakan nuna maka inda ka tsaya a baya, kuma bisa tsarinsa na asali yakan riƙe wannan bayani na aƙalla kwana 30.

Hajiya_Lissafi:
Malam, na yarda da kai, amma a ƙara da cewa Git shi kaɗai da bai ceci ɗan'uwanmu ba. Tarihin gaba ɗaya yana zaune ne a wata ɓoyayyiyar folda mai suna .git a cikin foldar aikin, wanda ya goge uwar kuwa ya goge 'yar. Sai an tura tarihin zuwa wani wuri dabam, ko shafukan ajiye tarihin Git a intanet irin su GitHub da GitLab, ko wata kwamfuta, ko ma filashi, sannan ya zama kariya. Na san mutane da dama da suke da ɗabi'ar adana canji kullum amma su yi wata guda ba su tura ba, suna ganin sun tsira.

Sabon_Shiga:
Ni gaskiya Git ya yi mini wuya, na gwada sau biyu na bari. Foldar aikina tana cikin Google Drive, duk abin da na rubuta yana hawa da kansa. Wannan bai wadatar ba?

Mai_Zanen_Taswira:
Ɗan'uwa Sabon_Shiga, bari in ba ka labarin abin da ya same ni, ka yi hukunci da kanka. Ina amfani da wata manhajar daidaita folda da ma'ajiyar intanet, ba zan ambaci sunanta ba domin laifin ba nata ba ne. Wata rana wuta ta ɗauke ina tsakiyar adana fayil ɗin da ke riƙe da maganganun dukkan mutanen wani ƙauye a cikin wasana, sai fayil ɗin ya lalace daga tsakiya zuwa ƙasa. Ban lura ba, domin na koma aiki a wani sashe na wasan. Manhajar ta yi aikinta, ta ɗauki lalataccen ta ɗora a kan mai kyau, ta kuma kai shi kwamfutata ta biyu. Sai bayan wata biyu na buɗe fayil ɗin, na ga rabin shafin wasu alamomi ne marasa ma'ana, ina jan shafin ƙasa ina neman inda rubutuna zai sake bayyana har na kai ƙarshe. Da na je neman tsohon kwafi, wa'adin da suke riƙe tsofaffin kwafi ya riga ya wuce. Irin waɗannan manhajoji madubi ne, abin da ka yi a nan shi suke yi a can, har da gogewa da lalacewa. Suna da amfani idan kwamfuta ta mutu ko aka sace ta, amma kuskuren da ba a gano da wuri ba suna yaɗa shi ne.

Sabon_Shiga:
Na fahimta, kuma na gode. To mene ne mafi ƙarancin abin da mutum zai yi idan bai iya Git ba tukuna?

Mai_Zanen_Taswira:
Ka riƙa dunƙule foldar aikin cikin fayil ɗin zip a ƙarshen kowane zama, ka sa masa kwanan wata a sunansa, kada kuma ka ɗora sabo a kan tsoho. Akwai ƙa'idar da masu wannan sana'a suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam da inda kake. Rubutun wasa ba shi da nauyi, kwafi ɗari ma ba zai cika filashi ba.

Tsohon_Injiniya:
Ina so in ƙara wani abu da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina, wato gwada ajiyar. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani ma'aikacin GitLab ya goge rumbun bayanai na ainihi bisa kuskure, kuma da suka juya ga hanyoyin ajiyarsu sai suka tarar yawancinsu ba sa aiki yadda aka zata, har suka yi asarar bayanan kimanin sa'o'i shida. Su da kansu suka wallafa bayanin abin da ya faru dalla-dalla. A fagen wasanni kuma, lokacin da aka fitar da Mass Effect Legendary Edition a 2021, an bar wani ƙarin sashe mai suna Pinnacle Station a waje, domin da aka nemo ajiyar rubutunsa na tushe sai aka samu ta lalace. Ni abin da nake yi shi ne, farkon kowane wata nakan sauke aikina daga ma'ajiya zuwa wata sabuwar folda, in kunna wasan daga can. Sau ɗaya na gano ta wannan hanya cewa foldar sautuka ba ta taɓa hawa ba, saboda wani layi da na sa a fayil ɗin .gitignore, wanda yake gaya wa Git abin da zai ƙyale, na manta da shi.

Abu_Unity:
Maganar wuri dabam da Mai_Zanen_Taswira ya yi ta tuna mini da gobarar da ta tashi a cibiyar OVH, kamfanin ajiye bayanai a intanet, da ke Strasbourg a ƙasar Faransa cikin watan Maris na 2021. Masu wasan Rust sun sanar da cewa bayanan sabobinsu na Turai, wato kwamfutocin da ke riƙe wasan a intanet, da gobarar ta shafa sun salwanta. Wannan ya nuna cewa abin da muke kira ma'ajiyar intanet shi ma gini ne mai wayoyin lantarki, don haka ni ba na barin kwafi ɗaya tilo a can, kamar yadda ba na barin ɗaya tilo a gida.

Ummu_Python:
Akwai kuma labarin da ya ƙare da daɗi. Jordan Mechner ya fitar da Prince of Persia a 1989 a kan kwamfutar Apple II, daga baya ya yi shekaru yana neman rubutun tushen bai gani ba. A 2012 mahaifinsa ya aiko masa da wani kwali da ya tsinta yana gyaran ɗaki, a ciki kuwa akwai tsofaffin faya-fayan. Sai da aka nemo masana da tsofaffin na'urori kafin a karanto abin da ke ciki, sannan ya ɗora rubutun a GitHub domin kowa ya gani. Icewind Dale II bai samu wannan sa'a ba, domin kamfanin Beamdog, wanda ya sabunta wasannin da suka gabace shi, ya bayyana cewa ya nemi rubutun tushensa bai samu ba.

Mai_Tsara_Labari:
Alhamdu lillahi, na dawo da labari. Malam Mai_Sauraro, Allah ya saka maka da alheri. Na shiga foldar da ka faɗa, hannuna yana rawa, na tarar da wata folda mai sunan wasana, a cikinta kuma fayiloli da yawa, kowane suna ya maimaitu sau da dama da wasu haruffa da lambobi a manne da shi. Na jera su bisa kwanan wata, na buɗe na ƙarshe na babi na tara, sai ga layin da na rubuta daren ranar da abin ya faru, har da bayanin gefen da na bar wa kaina cewa in sake duba amsar da uwar jarumar ta bayar. Na kwashe foldar gaba ɗaya zuwa filashi biyu kafin in taɓa komai. Rubutun ya dawo kusan duka. Abin da bai dawo ba shi ne zane da sauti. Na ciro waɗanda ke cikin wasan da na tura wa masu gwaji, kamar yadda Ummu_Python ta koya mini, amma fayilolin asali na manhajar zane ta Krita masu hawa-hawa, waɗanda nake canja fuskar jarumai da su, sun tafi, haka ma zane goma sha ɗaya da na yi bayan fitar da wancan kwafin.

Ummu_Python:
Masha Allah, na taya ka murna. Abu ɗaya kada ka manta: ka ajiye fayilolin .rpyc na wasan da ka rarraba, ka sa su kusa da fayilolin .rpy da ka dawo da su kafin ka sake kunna aikin. Ren'Py yana dogara da su wajen gane daidai inda mai wasa ya tsaya, idan kuma aka sake ƙirƙirar su daga farko, ajiyar da masu gwajinka suka yi tana iya ƙin buɗewa a sabon kwafin.

Hajiya_Lissafi:
Barka da arziki. Sai dai ka lura cewa foldar da ta cece ka tana kan faifai ɗaya da wadda ka goge, da faifan ne ya mutu da duka sun tafi tare. Game da zane kuwa, a nan ne Git yake da rauni, domin ba ya iya tantance bambanci a cikin hoto yadda yake yi a rubutu, tarihin yakan kumbura da sauri, kuma GitHub ba ya karɓar fayil ɗin da ya haura megabait 100 ta hanyar da aka saba. Akwai Git LFS da aka yi domin manyan fayiloli, ni da shi nake aiki.

Mai_Zanen_Taswira:
A nan na saɓa da Hajiya kaɗan. Ga mutum ɗaya da yake fara koyo, Git LFS ƙarin nauyi ne, kuma wurin da ake bayarwa kyauta yana da iyaka. Ni rubutu kawai nake sa wa Git, zane kuma yana tafiya faifan waje da nake haɗawa sau ɗaya a mako in cire, tare da kwafi na biyu a intanet. Cire faifan da nake yi da gangan ne, domin manhajar masu garkuwa da fayiloli tana kulle duk abin da ta samu a haɗe da kwamfuta.

Hajiya_Lissafi:
Matsalar raba su ita ce, ranar da ka so komawa yadda wasan yake wata shida baya, rubutun zai koma amma zanen ba zai bi shi ba, sai ka zauna kana haɗa wane hoto ne ya dace da wane babi. Na yi wannan aikin sau ɗaya, ba na fatan in sake.

Mai_Tsara_Labari:
Na karanta duka, kuma na ga kowane ɓangare yana da hujja. A daren nan na buɗe ma'ajiya ta sirri na tura rubutun, sannan na sauke shi a wata folda na kunna, kamar yadda Tsohon_Injiniya ya ce yana yi, kuma ya tashi lafiya. Zanen da na ciro yana kan filashi biyu a yanzu, ban yanke shawara tsakanin hanyar Hajiya da ta Mai_Zanen_Taswira ba tukuna. Gobe zan fara sake zana fuskar jarumar daga hoton da ya rage. Idan akwai wanda ya taɓa raba hoton da aka riga aka haɗe zuwa hawa-hawa a Krita, ina so in ji yadda ya ware idanu da baki ba tare da gefen fuskar ya lalace ba.